Daga tulu zuwa kwalba: tarihin ajiyar giyar inabi a gidajen Turai

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da Faransanci ya san ranar da kalmar «cave» ke fitowa cikin littafin karatu. A irin labaran da marubutan Faransa na ƙarni na 19 suka bari, mai gida yakan yi babban baƙo, sai ya ɗauki kyandir da mabuɗi ya sauka ƙarƙashin gidansa, jim kaɗan ya hauro da wata kwalba duk ƙura, ya aza ta bisa tebur yana faɗin shekararta da alfahari. A nan ne ɗalibi, ko a Maraɗi ko a Tawa, yake ɗaga hannu ya tambaya: abin sha da ya yi shekara ashirin a ajiye, ashe bai lalace ba? Malami yakan amsa da cewa al'adarsu ce, a wuce. Alhali kuwa tambayar yaron ta fi amsar nauyi. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda aka yi wannan kwalba mai ƙura ta samu shiga gida, domin a mafi yawan tarihin Turai gaskiyar ɗalibin ce: giyar inabi lalacewa take yi, kuma da wuri.

Babban magabcinta iska ce. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda idan suka samu iska sai su mai da abin da ke sa maye a cikin giya ya koma tsami. Kalmar Faransanci «vinaigre», watau khal, ma'anarta ke nan: giyar da ta yi tsami. Malaman fiƙihu ma sun san wannan sauyi, shi ya sa suka tattauna hukuncin giyar da ta rikiɗa ta zama khal da kanta, suka ce ta halatta. Saboda haka duk wanda ya so ajiye giyar inabi, tun zamanin da, aikinsa guda ne, ya raba ta da iska.

Zamanin tulu

Mutanen farko da suka yi nasara a kan wannan maginan tukwane ne. A ƙasar Jojiya, kudu da tsaunukan Kokas, an samu ɓaraguzan randuna masu alamar giyar inabi waɗanda suka kai kimanin shekara 8000. A wani tsohon ƙauye da ake kira Hajji Firuz, a tsaunukan Zagros na Iran, an tono tuluna na wajen shekara 5000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an tarar an haɗa giyar cikinsu da ƙaron itace domin ta jima. Manoman Jojiya har gobe suna binne manyan randuna cikin ƙasa har wuya, su liƙe bakinsu, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Misirawa sun ƙara wani abu, watau rubutu. Lokacin da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, daga cikin kayan da aka samu akwai tulunan giya 26 masu rubutu a kafaɗarsu: shekarar sarautar da aka matse inabin, da gonar da ya fito, da sunan shugaban masu aikin. Ba a rubuta wa abu shekara sai idan ana sa ran zai jima.

Amma Rumawa ne suka mai da tsufar giya abin taƙama a gida. Tulunsu mai hannu biyu da tsinin gindi yana cin lita 26, ana shafe cikinsa da ƙaro, a toshe bakin, a liƙe da turɓaya mai kama da siminti. A jikinsa akan rubuta sunan shugaban da ke riƙe da mulkin birnin Rum a shekarar, domin da sunayen shugabanni suke ƙirga shekaru. Shekara ta 121 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda wani mai suna Opimiyus ya yi mulki, inabi ya yi kyan da ba a manta ba. Masani Pliny Babba, wanda ya yi rubutu bayan kusan shekara 200, ya shaida cewa a zamaninsa akwai sauran giyar waccan shekara, sai dai ta yi kauri ta koma kamar zuma mai ɗaci, ba a iya shanta ita kaɗai, ana ɗiga ta ne cikin sabuwa. Wani abin mamaki shi ne, attajiran Rum sau da yawa ba ƙasa suke kai tulunansu ba, sama suke kai su, wani ɗaki da hayaƙin murhu ke ratsawa, domin ɗumi ya gaggauta tsufar. A yau da mai ajiyar giya zai ga haka da ya riƙe kai.

Shekara dubu ta ganga

Daga wajen ƙarni na 3 Miladiyya tulu ya fara ja da baya, gangar katako ta mutanen Gol, kakannin Faransawa, ta karɓe kasuwa. Ga ɗan kasuwa ganga ta fi ta ko'ina: ba ta fashewa, ba ta da nauyi, mutum guda yana iya mirgina ta. Sai dai katako yana numfashi. Giya tana tsanewa ta jikinsa a hankali, iska tana maye gurbin abin da ya tafi, kuma da zarar an huda ganga an fara ɗiba, kwanakinta ƙidayayyu ne. Da haka Turai ta manta da tsohuwar giya fiye da shekara dubu.

Birnin Bordo ya isa misali. A 1152 Aliyeno, magajiyar ƙasar Akiten, ta auri Hanri Plantajene, wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu, sai yankin ya kasance ƙarƙashin sarautar Ingila har 1453. Kowace kaka jiragen ruwa sukan yi jerin gwano su kwashi sabuwar giya, su yi tseren isa Landan kafin Kirsimeti. A kakar 1308 zuwa 1309 an fitar da ganga fiye da 100,000 ta wannan tasha, kowace mai cin lita 900. Girman cinikin ya kai har aka riƙa auna jirgi da yawan gangar da yake ɗauka, kuma daga sunan wannan ganga, «tonneau», kalmar tan ta samo asali, wadda yau ake auna gero da siminti da ita. Duk wannan giya ta shekara guda ce. Ranar da sabuwa ta sauka, farashin ta bara sai ya faɗi warwas. Saboda haka ne ƴan kasuwar Bordo suka nemi gata daga sarki, aka hana manoman da ke can saman kogi sauko da tasu giyar sai an shiga tsakiyar Nuwamba, wasu ma sai Kirsimeti, lokacin da jiragen farko sun riga sun tashi. A wannan kasuwa kwana shi ne kuɗi, tsufa kuwa asara.

Ƴan kasuwar Holand ne suka yaɗa wata dabara da ta rage ɓarnar: a ƙona tsumma mai farar wuta cikin gangar kafin a zuba giya, hayaƙin ya kashe abin da ke kawo tsami, ko da yake babu wanda ya san dalili a lokacin. Aka kuma koyi cika ganga a kai a kai don kada a bar wa iska wuri, da juye giya daga wata ganga zuwa wata a bar gurɓin a baya. Da waɗannan giya ta iya yin ƴan shekaru a rumbun ɗan kasuwa. Mai gida dai har yanzu ba shi da abin da zai ajiye ta a ciki.

Sarki ya hana itace

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba, daga ƙasar da ba ta shahara da noman inabi ba. A 1615 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya hana maƙeran gilashi ƙona itace, domin dazuzzuka suna ƙarewa, shi kuwa yana bukatar katako na ƙera jiragen yaƙi. Dole suka koma ga gawayin ƙasa. Wutar gawayin ƙasa ta fi ta itace zafi nesa ba kusa ba, sai ga gilashi ya fito da kauri da ƙarfi, ba irin na da ba mai kama da ɓawon ƙwai. Launinsa ya yi duhu, kore-kore ko baƙi-baƙi, abin da aka ɗauka aibi ne, daga baya aka gane kariya ce daga haske. Ana danganta wannan sabuwar kwalba ga Kenelm Digby, wani basarake mai son gwaje-gwaje, a shekarun 1630. Faransawa da kansu sun daɗe suna kiranta «gilashin Ingila».

Kwalba ba ta da amfani sai da matoshi. Rumawa sun san ɓawon wani itacen oak da ke tsirowa a Fotugal da Sifen da arewacin Afirka, wanda Faransawa ke kira «liège», amma amfani da shi ya ja baya tare da tulu. Ana matsa shi ya shiga wuyan kwalba, sa'an nan ya kumbura ya toshe ta ruf. A 1665 Robert Hooke ya yanka wannan ɓawo siriri ya duba a madubin ƙara girma, ya ga ƴan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya raɗa musu sunan da malaman kimiyyar halittu ke koyarwa har yau da Faransanci, «cellule». Itacen yana koya haƙuri. Sai ya shekara 25 kafin a fara saɓule masa ɓawo, ba a kuma komawa sai bayan shekara 9, kuma sai a saɓa ta uku ake samun ɓawon da ya isa yin matoshi mai kyau. Wanda ya dasa shi jikokinsa yake yi wa aiki.

Yadda wannan sabon abu ya shiga gida ana ganinsa a littafin da Samuel Pepys, wani ma'aikacin hukumar jiragen ruwan Ingila, ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum. A Afrilun 1663 ya rubuta cewa ya ɗanɗani wata giyar Faransa mai wani daɗi na daban, ya kuma ambaci sunan gonar da ta fito, Haut-Brion, ko da yake ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. A Oktoban shekarar ya je ya tsaya ana cika masa sabbin kwalabensa, dozin biyar ko shida, kowace da tambarin gidansa. Haka ake yi a lokacin: da baki ake busa kwalba, babu biyu masu girma ɗaya, don haka mai hali yakan sa a yi masa nasa, ya kai a cika daga ganga. Da babbar gobara ta tashi a Landan a Satumban 1666, wuta tana matsowa unguwarsu, Pepys ya haƙa rami a lambu ya binne giyarsa tare da cukunsa na Italiya. Wutar ba ta kai gidan ba. Amma abin da mutum ya zaɓa ya binne ranar gobara yana nuna abin da ya ɗauka dukiya.

Saura abu guda. Kwalaben Pepys masu tumbi ne kamar albasa, a tsaye suke zama. Matoshin kwalbar da ke tsaye yakan bushe ya tsuke, iska ta samu hanya. A tsawon ƙarni na 18 siffar kwalba ta yi ta miƙewa, tumbin yana raguwa, har zuwa wajen 1770 ta zama doguwa mai miƙaƙƙen jiki wadda za a iya kwantarwa a jera wata bisa wata. A kwance giya tana taɓa matoshi, ba ya bushewa. An kuma samu ƙarfen nan mai murɗe na zare matoshi, wanda wani limamin coci mai suna Samuel Henshall ya yi wa rajista a 1795, ko da yake an fi shekara ɗari ana amfani da irinsa. Kafin a same shi dole a bar kan matoshi a waje don a kama da hannu. A Faransa kuwa sai a 1728 Sarki Luwi na 15 ya yarda a yi safarar giyar Shampan cikin kwalabe. Daga wannan zamani ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda a da wurin itace da ganga ne, ya zama taska mai mabuɗi. A manyan gidajen Ingila har al'ada ta kafu: idan an haifi ɗa namiji, a sayi gangar giyar Porto ta shekarar, a ɗura a kwalabe, a kwantar, ba za a taɓa ba sai ya cika shekara 21.

Abin da ke faruwa cikin duhu

Ba kowace giya ce ke amfana da ajiya ba, kuma wannan ne abin da littattafan adabi ba su faɗa. Mafi yawan wadda ake yi a duniya an yi ta ne don a sha cikin shekara ɗaya ko biyu, idan ta wuce haka sai ta mutu. Wadda ke jurewa ita ce mai yawan tsami, ko mai yawan sukari, ko mai yawan bauri. Wannan bauri ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Sinadarin da ke kawo shi, wanda ake kira «tanin», dangin wanda ke cikin bagaruwa ne da majema ke jeme fatar jar akuyar Maraɗi da ita, shi ne kuma ke kama harshen mai cin goro. A inabi yana cikin ɓawo da ƙwallo. Sabuwar jar giya mai ƙarfi tana da bauri har ba ta shayuwa. Da shekaru ƙwayoyin wannan sinadari sukan haɗu da juna da kuma launin giyar, su yi nauyi su kwanta a gindin kwalba, baurin ya lafa, launin ya tashi daga shunayya ya koma ja irin na jan bulo.

Wanda ya fara binciken wannan a kimiyyance ɗan majemi ne, Luwi Pasteur, wanda ya tashi a garin Arbois mai gonakin inabi. A 1860 Faransa ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ingila, giya ta yi ta fita, ƙorafi kuma ya yi ta dawowa cewa tana isa a lalace. A 1863 Sarki Napoleyon na Uku ya nemi Pasteur ya duba lamarin. Ya koma garinsu ya kafa ɗan ɗakin gwaji. Ya cika wasu bututun gilashi da giya taf ya liƙe, wasu kuma ya bar rabinsu iska. Ta cikin cikakkun ba ta sauya ba, ta cikin masu iskar kuwa cikin ƴan makonni ta yi kamar ta shekara da shekaru. Ya gane ke nan iska ce ke tsufar da giya, ita ce kuma ke kashe ta, bambancin yawa ne kawai. Ya kuma nuna cewa kowace cutar giya tana da ƙwayar halittar da ke jawo ta, kuma idan aka ɗumama giyar zuwa digiri 55 ko 60 na ɗan lokaci ƙwayoyin sukan mutu. Ya buga littafinsa kan giya a 1866. Masu giya mai tsada ba su karɓi ɗumamawar da hannu biyu ba, suna ganin tana taɓa ɗanɗano. Madara ce ta ci gajiyarta: a 1886 wani masanin Jamus, Franz von Soxhlet, ya ba da shawarar a riƙa ɗumama madarar jarirai, kuma kalmar «pasteurisé» da ke jikin ledar madara a kantunan Yamai da Damagaram daga rumbun giyar Arbois ta taso.

Rabon ƙasa

Akwai wani sharaɗi da ba Digby ba ne ya ƙera shi, ba kuma Pasteur ba. Idan aka haƙa ƙasa aka yi nisa kamar mita goma, zafin wurin ba ya bin rani ko damina, yana tsayawa daidai da matsakaicin zafin garin na shekara. A Paris wannan ya kama wajen digiri 12, kuma ma'aunin zafin da Lavoisier ya ajiye a ramin gidan nazarin taurari na birnin a 1783, mita 28 ƙarƙashin ƙasa, ya tabbatar da cewa da ƙyar yake motsi. Digiri 12 zuwa 14, da duhu, da laima mai hana matoshi bushewa, su ne daidai abin da giyar inabi ke so. A Reims ma ramukan allin da aka haƙa tun zamanin Rumawa don samun dutsen gini su ne suka zama ma'ajiyar Shampan. Bafaranshe bai wahala ba, ƙasarsa ce ta ba shi. A Yamai matsakaicin zafin shekara ya kusa digiri 30, don haka komai zurfin ramin da aka haƙa ɗumi za a tarar. Tun da kowane ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin sauyin sinadarai, kwalbar da za ta yi shekara ashirin a Bordo ba za ta kai ko kusa ba a Sahel. Akwai giyar da ta mai da zafi aboki, ta tsibirin Madera, wadda aka lura tana ƙara kyau idan ta ratsa ƙasashe masu zafi cikin jirgin ruwa, har daga baya aka riƙa ɗumama ta da gangan, kamar dai an koma ɗakin hayaƙin Rumawa.

Sanyi da duhu kuwa an ga iyakar abin da suke iyawa a 2010, lokacin da masu nutso suka tarar da wani jirgi da ya nutse kusa da tsibiran Aland a tekun Baltik, mita 50 ƙarƙashin ruwa, da kwalaben Shampan 168 da suka yi kimanin shekara 170 a can. Da yawansu ba su lalace ba, aka sayar da guda a kan Yuro 30,000 a 2011. A birane kuma, da mutane suka koma zama a benaye marasa rami mai kyau, sai wani kamfanin Faransa, EuroCave, ya fito a 1976 da wani kabad mai aiki da lantarki wanda ke kwaikwayon sanyi da laimar ƙarƙashin ƙasa.

Da tsohuwar kwalba ta zama dukiya, sai ta jawo abin da dukiya ke jawowa. Thomas Jefferson, kafin ya zama shugaban Amurka na uku, ya yi jakadanci a Faransa, ya zaga gonakin Bordo a 1787, ya kuma gina ma'ajiyar giya a ƙarƙashin gidansa na Monticello. A Disamban 1985 aka kawo wata kwalba gidan gwanjon Christie's a Landan, an zana mata shekarar 1787 da sunan gonar Lafite da haruffan farko na sunan Jefferson, aka ce an same ta ne a wani ɗaki da aka toshe da bulo a Paris. Iyalan Forbes, masu mujallar nan ta Amurka, suka saye ta a kan fam 105,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa kwalba guda ba kafin ranar. Masu kula da takardun Jefferson sun nuna shakka tun a lokacin, domin mutumin yana rubuta duk abin da ya saya, wannan kuwa ba ta cikin lissafinsa. Bayan shekara ashirin, masu binciken da wani attajiri da ya sayi ƴan uwan kwalbar ya ɗauka suka ce da injin lantarki aka yi zanen. Amma tun kafin a kai ga wannan, masu ita sun riga sun kai ta ɗakin nuni a New York, suka ajiye ta ƙarƙashin fitilu masu zafi domin jama'a su gani. Matoshin ya bushe, ya tsuke, ya faɗa ciki.